Rumbun na haya ne, amma makullin a hannunka yake

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Makon jiya wani yaro ɗan unguwarmu ya zo min da kwamfutarsa yana ta murna. Ya gama haɗa wa wata makarantar kuɗi manhajar rajista: sunan ɗalibi, ajinsa, lambar wayar mahaifinsa, adireshin gida, abin da aka biya da abin da ake bin bashi. Ya ɗora ta kan intanet, tana aiki, ya nuna min a wayarsa. Na yaba masa ƙwarai, don aikin ya yi kyau. Sai na ce ya buɗe min rubutun manhajar a GitHub, shafin intanet da masu haɗa manhaja ke ajiye rubutunsu. Tun a fayil ɗin farko idona ya sauka kan layi guda: ga adireshin rumbun bayanan, wato inda manhajar ke adana duk bayanan ɗaliban, ga sunan mai shiga, ga kalmar sirri ƙuru-ƙuru, a ma'ajiyar da ya bar wa duk duniya a buɗe. Na ce kai, wannan fa? Ya ce, "Kawu, ai babu komai, kamfani ne ke kula da rumbun."

Wannan amsa ta tsaya min a rai, domin ba shi kaɗai ke faɗar ta ba.

A da, mai manhaja shi ke tanadar kwamfutar ajiya, shi ke girka rumbu a kanta, shi ke tashi tsakar dare in ta tsaya. Daga 2009 da Amazon ta fito da rumbunta na haya mai suna RDS, zuwa 2016 da MongoDB, kamfanin da ke yin manhajar rumbu, ta buɗe nata mai suna Atlas, abin ya koma haya. Kamfani ya ɗauke maka wahalar wuta, da sanyaya na'urori, da canza faifan da ya lalace, da sabunta manhajar rumbun. Wannan alheri ne babba, kuma duk wanda ya taɓa raya kwamfuta dare da rana da janareta ya san darajarsa. Amma kamfanonin nan ba su ɓoye wa kowa iyakarsu ba. Amazon ta rubuta shi a fili, tana kiransa rabon alhaki: tsaron ginin da na'urorin nata ne, tsaron abin da ka zuba a ciki da wanda ka ba izinin shiga naka ne. Kamar ka kama hayar sito ne a kasuwa. Mai sito ya yi gini mai ƙwari, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ɗauki mai gadi. Kai kuma ka rufe, ka bar makullin a jikin kwaɗo, ka tafi gida. Da safe wa za ka kai ƙara? Mai gadi ya ga mutum ya zo da makulli ya buɗe, a wurinsa mai kaya ne ya zo.

Makullin a hannunka yake. Wannan ita ce maganata a yau.

Mene ne makullin? Manhaja ba ta magana da rumbu sai ta layin haɗi, layi guda tak wanda ke ɗauke da suna, da kalmar sirri, da adireshin rumbun, a jere. Duk wanda ya kwafi layin nan ya zama kai. Zai karanta, zai canza, zai share. Kuma wurin ajiye shi sananne ne, ba wani ilimi ne mai zurfi ba. A kwamfutarka, ka sa shi a fayil na daban, wanda aka saba kira .env, ka rubuta sunan fayil ɗin a cikin .gitignore don kada ya bi sauran rubutun zuwa GitHub. A wurin da ka ɗora manhajar kuma, kowane dandali yana da shafin da ake zuba irin waɗannan asirai, manhaja ta ɗauko daga can lokacin da take aiki. Aikin minti biyar ne. Minti biyar, jama'a! A kansa ake jefa lambobin wayar iyayen yara a bakin titi.

Akwai ƙofa ta biyu. Rumbun haya yana da jerin adiresoshin kwamfutocin da ya yarda su ƙwanƙwasa masa. A Atlas, sabon rumbu ba ya sauraron kowa sai wanda ka rubuta a jerin. To ranar ɗora manhaja sai haɗi ya ƙi, allo ya cika da jan rubutu, yaro ya rikice, ya nemo bidiyon koyarwa, mai bidiyo ya ce masa ya rubuta 0.0.0.0/0 a jerin. Nan take komai ya tashi. Abin da ba a tsaya an gaya masa ba shi ne ma'anar waɗannan sifilai: kowace kwamfuta a doron ƙasa tana iya zuwa ta gwada sa'arta. Na duba na yaron nan, haka yake. Makulli a waje, ƙofar gari a buɗe.

Na san abin da za a ce: wa ya san da ni? Wane ɓarawo ne zai bar bankuna ya zo kan manhajar wata 'yar makaranta? Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan. Ba mutum ne ke zaune yana zaɓen wanda zai yi wa kutse ba. Manhajoji ne ke kewaya intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa, ba ruwansu da sunanka. Tun 2009 akwai Shodan, injin bincike da aikinsa shi ne lissafa na'urorin da ke buɗe a intanet. A watan Janairun 2017, cikin 'yan kwanaki, aka share dubban rumbunan MongoDB da masu su suka bari ba kalmar sirri, adadin ya haura dubu ashirin. Abin da ake bar wa mai rumbu shi ne 'yar takarda: ka biya kuɗin fansa da bitcoin a mayar maka da kayanka. Wani mai bincike ɗan ƙasar Holan, Victor Gevers, na cikin waɗanda suka fara bin diddigin abin. Da yawa daga cikin ɓarayin ko kwafin bayanan ba su ɗauka ba, sharewa kawai suka yi, don haka ko ka biya babu abin da zai dawo. A Yulin 2020 wani harin ya sake zuwa, wanda aka sa wa suna Meow, shi ko kuɗi bai nema ba, sharewa yake ya wuce.

Mai gardama zai ce ai waɗannan rumbuna ne da mutane suka girka da kansu, ba na haya ba. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba: rumbun haya ya toshe wannan kafa, ba ya buɗewa sai da suna da kalmar sirri. To shi ya sa ɓarawo ya daina ɓalle ƙofa, ya koma neman makulli. Ina yake samunsa? A inda yaron unguwarmu ya ajiye nasa.

A 2016 masu kutse suka shiga ma'ajiyar rubutun manhajar Uber a GitHub, suka tarar da makullan ajiyar kamfanin ta Amazon a rubuce a ciki. Da su suka kwashe bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi. Kamfanin ya biya su dala dubu 100 ya yi shiru, sai a Nuwamban 2017 maganar ta fito. Daga baya ya biya dala miliyan 148 don sasantawa da jihohin Amurka, kuma a 2022 kotu ta kama tsohon shugaban sashen tsaronsa, Joe Sullivan, da laifin rufa-rufa. Ku lura, ma'ajiyar Uber ma a rufe take, ba irin ta yaronmu ba. A Oktoban 2022 kuma Toyota ta fito ta amsa cewa wani makullin shiga rumbun manhajarta ta T-Connect ya zauna a fili a GitHub kusan shekara biyar, daga Disamban 2017 zuwa Satumban 2022, abin da ya jefa adireshin imel na abokan ciniki sama da dubu 296 cikin haɗari. Babu wanda ya fasa ginin Amazon a labarin Uber. Makulli aka tsinta.

Da na nuna wa yaron nan waɗannan, sai ya yi maza ya goge layin, ya sake turawa, ya ce shi ke nan. Ba shi ke nan ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami na biyu. An ƙirƙiri Git, manhajar da GitHub ke aiki da ita, don kada ya manta. Duk abin da ka taɓa turawa yana nan a tarihin ma'ajiyar, danna biyu ya isa a fito da shi. Ko ka share tarihin, wanda ya riga ya kwafa ya kwafa. Makullin da ya kwana a waje ya mutu. Magani ɗaya ne: ka shiga rumbun ka soke tsohuwar kalmar sirri, ka yi sabuwa. Wanda makullin shagonsa ya ɓata a kasuwa kwaɗo yake canzawa, ba ya tsayawa addu'ar kada a tsinta.

Wuri guda ne nake sassautawa. Wasu dandalin ɗora manhaja, musamman na kyauta da masu araha, adireshinsu yana canzawa, ba ka da tsayayyar lamba da za ka rubuta a jerin. Tsayayyen adireshi sau da yawa kuɗi ake biya, da dala, kuma na san abin da dala take nufi ga ɗalibin da ke sayen data da kuɗin abincinsa. Ban ga laifin wanda ya buɗe ƙofar don yana koyo da sunayen ƙarya ba. Amma ranar da sunan ɗan wani na gaske ya shiga rumbun, uzuri ya ƙare. In dole ƙofar ta zauna a buɗe, to kalmar sirri ta zama doguwa wadda na'ura ta haɗa, ba sunan budurwa da shekarar haihuwa ba. Kuma a yi wa manhajar mai shiga nata na daban, wanda izininsa bai wuce rumbu ɗaya ba. Me ya sa manhajar da aikinta rubuta sunan ɗalibi za ta riƙe ikon share komai da komai? Sannan a sani, matakin kyauta na Atlas, mai megabait 512, ba ya zuwa da ajiyar kwafi. In an share, an share, sai in kai ka tanadi naka.

Haushina ba a kan yaran yake ba. Yana kan masu koyarwa, na bidiyo da na aji, waɗanda ke kai ɗalibi har inda allo zai nuna haɗi ya yi, su tafa masa, su sallame shi. Wanda ya koya maka tuƙi bai nuna maka birki ba, bai koya maka komai ba. Yana kuma kan masu ba da aiki, masu makarantu da kemis-kemis da ƙungiyoyin adashi, waɗanda tambayarsu ɗaya ce: nawa ne, yaushe za a gama? Alhaji, ba sai ka iya kwamfuta ba. Ka tambayi wanda ya yi maka aikin: ina ka ajiye kalmar sirrin rumbun? Wa da wa ke iya shiga? In aka share yau, ina kwafin jiya? In ya yi inda-inda, kada ka ba shi sunan mutum ko ɗaya. A Najeriya ma yanzu ba maganar son rai ba ce. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin a kan wanda ya tara bayanan, ta kuma ce in aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Ba kamfanin da ke Amurka za a nema ba. Kai za a nema.

Ni da yaron nan mun zauna a tabarma bayan la'asar. Muka soke tsohuwar kalmar sirri, muka yi sabon mai shiga mai taƙaitaccen izini, muka mayar da layin haɗin inda ya dace, muka rufe ma'ajiyar, muka sauke kwafin bayanan. Kafin a kira magariba mun gama. Abin da ya rage shi ne mai wuyar: ya je ya gaya wa mai makarantar cewa makullin rumbunsu ya yi wata ɗaya da rabi a fili, kuma babu mai tabbacin ba a kwafa ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kawu, zai ƙwace aikin." Na ce mai yiwuwa ne, amma bayanan na iyayen yara ne, kuma suna da haƙƙin a sani. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce zai je ranar Litinin. Na ce masa zan raka shi.