Hancin allo na nutsewa? Hira kan tashi a dogon allo

Zainab: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Zainab ce, ga Yaya Habu, ga Nasiru. Tun makon jiya saƙonninku ke shigowa a kan abu ɗaya a wasan hawan igiyar ruwan teku da dogon allo: mutum ya kwanta a kan allo ya tuƙa da hannu, igiya ta iso, yana shirin miƙewa sai hancin allo ya nutse, shi kuma ya bi ta ka.

Nasiru: Ko kuma igiyar ta bi ta ƙarƙashinsa ta wuce, ta bar shi yana kallon bayanta. Ni wannan ce ta fi damuna.

Zainab: Mun shirya abubuwa uku: kwanciya a kan allo, tuƙi, sai ajiye ƙafa. Yaya, bismillah.

Habu: To, ni dai abin da zan fara faɗa, waɗannan matsaloli biyu da kuka ambata uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Nasiru, ran da hancin allonka ya fara nutsewa, me ka yi da igiya ta gaba ta zo?

Nasiru: Na ja baya mana. Na matsa wajen wutsiya.

Habu: Yauwa! Kowa haka yake yi, kuma a nan ake gudun gara a faɗa gidan zago. Ka matsa baya, hanci ya ɗaga sama, wutsiya ta nutse, allon ya koma yana tura ruwa da cikinsa. Ka tuƙa har kafaɗarka ta yi zafi, ba ka tafiya. Igiya mai laushi ba za ta ɗauke ka ba, sai ta wuce. Sai ka ce bari in matso kusa da gaɓa inda ta fi tsayuwa. A can kuma ta riga ta miƙe kamar bango, ta ɗaga wutsiyar lokaci guda, ta soka hancin a ruwa. Ka ga abin da ka gudar wa shi ya same ka.

Nasiru: Wato ja da bayan ne ya jawo nutsewar.

Habu: Sau da yawa, e. Makara ce ke nutsar da hanci, ja da baya kuma shi ke kawo makara.

Zainab: To a ina mutum zai kwanta ke nan?

Habu: Ki gwada a ruwa mai kwanciya, can bayan inda igiyoyi ke fashewa. Ki kwanta, ƙirji a ɗage, ki dubi hancin. Ya fito daga ruwa kamar faɗin yatsu biyu ko uku, santimita 3 zuwa 5. Ki yi tuƙi biyar ki tsaya. In allon ya ci gaba da sulalewa shi kaɗai, shiru, ba ƙarar ruwa a ƙarƙashinsa, kin samu wurin. Sai ki duba me ke daidai da haɓarki, tambarin allon ne ko wani tabo, ki riƙe shi. Wasu ma da kakin da suke gogawa suke yin alama. Kuma cibiyarki ta hau kan siririn katakon nan da ya ratsa tsakiyar allo, ƙafafu a haɗe a sama. Duk ƙafar da ta zuba a ruwa birki ce.

Zainab: Wannan na ƙafafun na gan shi da idona. Wata ƙawata ta ɗauke ni bidiyo daga bakin ruwa, da na duba sai ga ƙafafuna a buɗe, tafin dama na jan ruwa a gefe. Ban taɓa ji a jikina ba. Da na haɗe su, a ranar na ji bambanci.

Habu: Bidiyo ba ya ƙarya. Abu na biyu da mutane ke mantawa, allon da ke ƙarƙashinka ƙafa 9 ne ko fiye, kusan mita 2.7. Nauyinsa yana sa ya yi jinkirin ɗaukar gudu, amma in ya ɗauka ba ya saki da wuri. Don haka ba a zama inda masu gajeren allo ke zama. Ka ƙara nisa da gaɓa, ka juya da wuri, ka fara tuƙi tun igiyar tana tudu, ba ta yi fuska ba. Dogon tuƙi, hannu ya shiga har gwiwar hannu, a natse. In ta matso sai ka ƙara wuta.

Nasiru: Amma Yaya, ko na fara da wuri igiyar ta fi ni gudu.

Habu: Ta fi kowa gudu. A ruwa mai zurfin mita 2, igiya na tafiya fiye da mita 4 a daƙiƙa ɗaya, babu mai tuƙi da hannu da zai kai haka. Ba tsere kake yi da ita ba. So kake lokacin da ta ɗaga ka, allon yana da ɗan gudunsa, sai nauyinka ya gangaro da kai ta fuskarta. Gangara ce ke yin sauran aikin. Shi ya sa a daidai lokacin da ka ji wutsiya ta ɗaga, in igiyar mai laushi ce, ka sauke haɓa da ƙirji kusa da allo, nauyi ya koma gaba. In kuwa ka ga hanci na neman shan ruwa, ka gantsare, ka ɗaga ƙirji sama sosai. Da ƙirji ake wannan gyaran, ba sai ka ja jiki gaba ko baya ba.

Zainab: Ka ce ƙafa 9 da nauyi, sai na tuna mutanen zamanin da. Su fa yaya suka yi da na katako?

Habu: Kai, kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. A Hawai akwai allon da ake kira olo, na sarakuna ne, wasu sun kai ƙafa 15 har fiye, itace zalla. Irin wannan ba ka isa ka juya shi a ƙurarren lokaci ba. Dole ka karanta teku tun daga nesa.

Nasiru: Kuma babu ɗan fiffiken nan na ƙarƙashin wutsiya.

Habu: Babu. Sai a 1935 wani Ba'amurke mai hawan igiya, Tom Blake, ya maƙala shi a allo. Kafin nan, mai son juyawa ƙafarsa yake sakawa a ruwa ta zama masa abin tuƙi. Shi Blake ne kuma ya yi suna da allo mai rami a ciki don rage nauyi.

Zainab: Duke Kahanamoku fa, shahararren mai hawan igiyar nan na Hawai? Shi da wanne ya yi?

Habu: Katako. Mutumin da ya ci zinare a ninƙayar mita 100 a gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm, ya sake ci a 1920. Da ya je Ostareliya a ƙarshen 1914, can ya sassaƙa allo da katakon da ya samu, ya hau a gaɓar Freshwater kusa da Sidni, jama'a na kallo. Allon yana nan an adana shi har yau.

Nasiru: To ai shi gwanin ninƙaya ne, kafaɗunsa ba irin namu ba ne.

Habu: Gaskiya ne, amma kafaɗa kaɗai ba ta tayar da wannan gungumen a daƙiƙa biyu. Sai da sanin inda za a zauna. A gaɓar Waikiki da ke Hawai igiyoyi na tahowa a hankali, su yi ta birgima mai nisa, kuma irin ruwan da aka yi dogon allo dominsa ke nan. Ni abin da ke ba ni takaici, da aka shigar da hawan igiyar ruwa Olamfik a gasar Tokyo da aka yi a 2021, gajeren allo kaɗai aka sa. Haka ma a Olamfik ta 2024 da aka yi hawan a tsibirin Tahiti. Tushen abin gaba ɗaya an bar shi a waje.

Zainab: Yaya, mun yi nisa fa. Saura minti kaɗan, ba mu ko miƙe tsaye ba.

Habu: To bari in haɗa da karkata, don ita ce maganin igiyar da ta ɗan tsaya. Kada ka nufi gaɓa kai tsaye. Kana tuƙi kana waiwaye ta kafaɗa, ka ga ta ina za ta fashe, kuma ka ga ko akwai wanda ya fi ka kusa da ƙololuwarta, don in akwai, tasa ce, ka janye. In taka ce, a tuƙi uku na ƙarshe ka ɗan karkata hancin zuwa ɓangaren da bai fashe ba. Kaɗan fa. In ka karkata da yawa za ta mirgine ka ko ta wuce. Allo mai ƙafa 9 ba ya shiga lanƙwasar igiya a miƙe, amma a karkace gefensa na kama fuskar ruwan, hancin ya samu wurin zuwa.

Nasiru: Ni inda nake faɗuwa shi ne da zarar na ji turi sai in zabura.

Habu: Turin farko yaudara ne. Ƙara tuƙi biyu bayansa. Za ka ji allon ya yi sauƙi, ruwa ya fara shii a gefe, hannunka ya daina samun abin ja. To a nan. Tafin hannu a shimfiɗe a kan allo daidai ƙasan ƙirji. Kada ka damƙi gefuna, yatsunka za su ja ruwa, allon ya yi tangaɗi. Ido kuma a inda za ka, can kan kafaɗar igiya, wato ɓangaren da bai fashe ba. Wanda ya kalli hancin allo, can zai tafi.

Zainab: Gwiwa fa? Mutum uku sun tambaya ko laifi ne a fara durƙusawa.

Habu: A kumfar igiyar da ta riga ta fashe za ka sha da ita. A igiyar da ba ta fashe ba, wannan daƙiƙar da ka ɓata a kan gwiwa ita ce wadda ya kamata a ce kana saita allo. Kuma in jiki ya saba, cire shi aiki ne. Gara ka fara kafa ƙafar baya, sannan ka zaro ta gaba tsakanin hannuwa, dogon allo yana ba ka wannan sararin. Ƙafar gaba ta sauka inda...

Zainab: Yaya, an ɗaga mana hannu, lokaci ya cika.

Nasiru: Ajiye ƙafar ke nan ba mu yi ba.

Habu: Minti ɗaya kawai, inda hannuwanka suka tashi nan ƙafar...

Zainab: Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, da shi za mu buɗe. Wanda ke da bidiyon tashinsa ya turo mana, a ɗauka daga gefe yadda za mu ga hancin allon. Mun gode, a huta lafiya.