Gwanjon da ake bugawa kafin shafi ya buɗe

Assalamu alaikum, jama'a. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu na zo da su: yadda yanar gizo take a farko, abin da ya sa ta fara amsa wa mutum, inda kuɗin ke fitowa, sai kuma dokokin da suka biyo baya.

Na farko ba zan daɗe a kansa ba. A 1989 Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba, ya rubuta shawarar da ta haifi yanar gizo. Shafukan farko kamar allon sanarwa suke. Ka zo, ka karanta, ka tafi. In ka latsa wani abu, sai shafin ya ɓace gaba ɗaya, ka zauna kana kallon farin allo har wani ya iso. Waɗanda suka yi furfura a cikinku sun san wannan jiran, ga Alhaji can yana gyaɗa kai. (dariya)

Na biyu shi ne yadda shafin ya koyi motsi. A 1995 wani injiniyan kamfanin Netscape mai suna Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript, wato yaren kwamfuta da ke sa shafi ya yi aiki a cikin burauzarka, manhajar da kake buɗe shafuka da ita. Daga baya Microsoft ya fito da wata dabara da ke ba shafi damar aika saƙo zuwa sabar, wato kwamfutar da ke ajiye shafin, ya karɓo amsa a ɓoye, ba tare da an sake loda komai ba. Ta yi shekaru ba a damu da ita ba, sai da Gmail ya fito ranar 1 ga Afrilun 2004, sannan Google Maps a Fabrairun 2005. Ku tuna ran da kuka fara jan taswira tana biyo hannunku, ana ciko gefen da babu komai tun kafin ka iso wurin. Ni dai har yau abin yana burge ni, wallahi. A wannan Fabrairun na 2005 ne Jesse James Garrett ya raɗa wa dabarar suna Ajax. Sunan Web 2.0 kuwa, wanda ake kiran wannan sabon salon yanar gizo da shi, ya bazu ne bayan taron da kamfanin Tim O'Reilly ya shirya a San Faransisko a Oktoban 2004.

Da shafi ya iya amsawa, sai mai karatu ya zama mai rubutu. Wikipedia a 2001, Facebook a 2004, YouTube a 2005, Twitter a 2006. Ku lura, duk waɗannan ba su da ɗakin marubuta da ke cika musu shafi. Rumbu suka gina, jama'a suka zuba hatsin. A 2006 Google ya sayi YouTube kan dala biliyan 1.65, kamfanin da bai cika shekara biyu ba. Bidiyon mutane ya saya, da kuma idanun masu kallo.

To nan ne nake so mu zauna sosai, don shi ne ya kawo ni yau. In ba ka biya ba, wa ya biya?

A shekarar 2000 kasuwar hannun jarin kamfanonin intanet ta rushe a Amurka. Kamfanoni da yawa sun tara maziyarta, amma babu hanyar mayar da ziyara kuɗi. Talla kam akwai, tun 1994 aka fara liƙa hoton talla a saman shafi, sai dai irin na allon bakin titi ne, ka biya, ba ka san wa ya kalla ba. Wani mutum mai suna Bill Gross, da kamfaninsa GoTo a 1998, shi ya kawo tunanin cewa mai talla ya biya sai an latsa tallarsa, kuma a yi gwanjon kalmomin da mutane ke nema. Google ya buɗe tsarin tallarsa mai suna AdWords a 2000, ya koma tsarin biya sai an latsa a 2002, ya kuma ƙara wani abu guda wanda a ganina shi ne ƙashin bayan lamarin.

Ku biyo ni a hankali. A ce mutum ya rubuta "takalmin gudu" a wurin bincike. Masu talla biyu suna son wannan mutumin. Na farko ya taya dala 2 a kan kowace latsawa. Na biyu ya taya dala 1. Wa zai ci? Na ji wani ya ce na farko. A gwanjon da muka saba, haka ne. Amma a ce tallar na farko mutum ɗaya cikin ɗari ke latsa ta, ta na biyu kuwa mutum biyar cikin ɗari. Ku yi lissafi. In an nuna kowacce sau ɗari, ta farko ta kawo dala 2, ta biyu ta kawo dala 5. Sai a ɗora mai ƙaramin tayi a sama. Kun gani? Ana duba tayi, ana kuma duba ko tallar ta dace da abin da mutum yake nema. Sannan wanda ya ci ba lallai ya biya duk abin da ya taya ba, zai biya daidai abin da zai rinjayi na bayansa. Kuma duk wannan, ku saurara, duk wannan ana gama shi tsakanin lokacin da ka latsa da lokacin da shafin ya buɗe. Kafin ƙiftawar ido an buga gwanjo, an yi ciniki, an rufe.

Abin da nake so ku kama shi ne, irin wannan gwanjo yana cin bayanai kamar wuta da kara. Ba za ka iya hasashen wa zai latsa ba sai ka san ko shi wane ne, me ya nema jiya, me ya tsaya ya kalla. Shi ya sa kowane ɗan maɓalli yake da aiki biyu. Da Facebook ya kawo News Feed, wato jerin abubuwan da abokanka suka ɗora, a 2006, da maɓallin nuna so a 2009, kai kana gaisawa da abokinka, shi kuma yana rubuta abin da ke jan hankalinka. Dabarar nan da ta hana shafi ɓacewa, ita ce dai ke kai rahoton kowane motsinka. Wannan yana damuna ƙwarai, musamman a kan yara, don ba a taɓa zaunar da su an bayyana musu cinikin da ake yi a kansu ba.

Ina muke, na uku ne? To sauran hanyoyin, da sauri. Akwai la'ada: eBay da Amazon suna haɗa mai saye da mai sayarwa su cire nasu, kamar yadda Apple ya buɗe kasuwar manhajoji ta App Store a 2008 yana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari. Akwai biyan wata-wata irin na Netflix. Akwai ɗanɗana kyauta ka biya in kana son ƙari, irin na Spotify. Akwai rabon kuɗin talla da masu ɗora bidiyo, wanda YouTube ya fara a 2007. Maganar dokoki kuma, Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar kare bayanai a Mayun 2018, sannan a 2021 Apple ya tilasta wa manhajoji su nemi izini kafin su bi sawun mutum. Akwai hannu a can. Bismillah, ƙanwata.

(Wata ɗaliba: Malam, to Wikipedia fa? Ba na ganin talla a ciki, kuma ba a cajin kowa.)

Allah ya yi miki albarka, wannan tambayar ta fi abin da na shirya rufewa da shi. Gidauniyar Wikimedia ce ke riƙe da ita tun 2003, kuma gudummawar masu karatu ce ke biyan kuɗin sabobi da ma'aikata. Amma ki ji yadda aka kai ga haka. A farko wani kamfani mai neman riba ne ke ɗaukar nauyinta. A 2002 aka fara raɗe-raɗin za a sa talla. Masu rubuta sashen Sifaniyanci suka ce ba da guminsu ba, suka kwashe rubutunsu suka buɗe nasu kundin daban mai suna Enciclopedia Libre. Mutanen da ba a biyansu ko sisi, su ne suka yi yajin aiki. Bayan nan aka tabbatar ba za a sa talla ba, adireshin ma aka mayar da shi irin na ƙungiyoyin da ba sa neman riba. Ki je ki buɗe kowace maƙala, ki latsa wurin tarihin gyare-gyare, za ki ga kowane mutum da abin da ya ƙara da ranar da ya ƙara shi. Shugaban zama yana nuna mini agogo. Ki same ni bayan an tashi, in nuna miki a waya.