Shaho ba ya zuwa ta ƙasa

(An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa ɗalibai Hausawa a Jidda bayan sallar isha'i.)

Assalamu alaikum. Iyaye, malamai, da ƙannena ɗalibai, barkanmu da dare. Na baya kuna ji na? Madalla.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon kaji ya san shaho. Can ƙololuwa yake shawagi, kafin kaza ta ankara ɗan tsako ya tafi. To, faɗan jiragen yaƙi haka yake. Wani Bajamushe matuƙin jirgin yaƙi, Oswald Boelcke, ya zauna a 1916 ya rubuta ƙa'idoji takwas. Daga ciki: ka riga abokin gaba samun wuri mai kyau, ka bar rana a bayanka, ka zo masa ta ƙeya, kada ka harba sai ka matso kusa.

Batun ranar nan nake so ku riƙe. Kun san ranar Jidda da azahar. Ɗaga kai ka dube ta na daƙiƙa biyu, sai hawaye. Ta cikin wannan hasken ake faɗo wa mutum. Tsayi kuwa jari ne, domin na sama in ya sulalo, gudu ya samu kyauta.

Boelcke ya kakkaɓo jirage 40. Allah Sarki, ba maƙiyi ne ajalinsa ba, karo ya yi da jirgin ɗan rundunarsa a watan Oktoban shekarar.

Sai tafiya bibbiyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ɗaya na farauta, ɗaya na gadin bayansa.

Wani zai ce, Malam, ai wannan zancen da ne. To, mu dawo ƙasar nan. Dattawanmu da suka zauna Riyad a 1991, lokacin Yaƙin Tekun Fasha, ba su manta jiniyar dare ba. Ranar 24 ga Janairu, jiragen Iraƙi biyu ƙirar Mirage suka taso ƙasa-ƙasa ta bakin Tekun Fasha. Jirgin rada na AWACS ya riga hango su, ya yi wa Kyaftin Ayed al-Shamrani na sojan saman Saudiyya jagora a cikin jirginsa ƙirar F-15. Ta ina ya zo musu? Ta ƙeya. Ya sakar musu Sidewinder, makamin da ke bin zafin inji, duka biyun suka faɗi. Idon ne kawai aka sauya, ya koma na'ura.

Baba Alhaji, na ga hannunka. Bari in kurɓi ruwa tukuna.