Kashi 40 ko kashi 63: yadda ake auna talauci a Najeriya

Alƙaluma biyu ake yawan ji idan ana maganar talauci a Najeriya: kashi 40 cikin 100, da kashi 63. Duka Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta fitar da su, amma kowanne da ma'auninsa.

Na farko daga binciken 2018 zuwa 2019 yake. Ba da abin da maigida yake samu aka yi lissafin ba, domin manomi ko mai tireda ba shi da albashin da zai faɗa. Abin da gidan ya ci aka lissafa. Ma'aikaci zai zauna da mai girki, ya tambaye ta gero mudu nawa aka daka cikin kwana bakwai, man ja kwalba nawa. Ko daga rumbu aka ɗebo hatsin, sai a yi masa kuɗin kasuwa. A haɗa da kuɗin makaranta, magani da haya, a raba da yawan mutanen gidan. Wanda rabonsa bai kai naira 137,430 a shekara ba, wato kusan naira 376 a rana, shi ne matalauci. Mutum miliyan 82.9 ke nan, ban da Borno, inda rashin tsaro ya hana a kammala aikin.

Ma'aunin na da tarko. Mudun wannan kasuwa ba na waccan ba ne, dole a mayar da kowanne kilo. Gidan da aka ziyarta da kaka kuma zai fi wanda aka je wa a tsakiyar damina cika tukunya, shi ya sa aka baza binciken tsawon shekara.

Na biyun, na 2022, bai dubi aljihu ba. Abubuwan da ya duba sun haɗa da ruwan sha, makewayi, makamashin girki, nisan asibiti, yara da ba sa zuwa makaranta, rashin aiki. Da wannan ma'aunin adadin ya kai miliyan 133. Sakkwato kashi 91, Ondo kashi 27.

Duka biyun kafin cire tallafin man fetur a Mayun 2023 aka yi su. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40, kuma naira 376 ɗin nan ko mudun masara ba ta saye.