Lacca: Yoyon Fetur Daga Dampar Kan Bututun Nozul a Tsohuwar Camry

Assalamu alaikum. Iyayen gidanmu, 'yan'uwa kanikawa, da yaranmu masu koyon aiki, sannunku da zuwa.

Yau a kan wani ɗan ƙaramin ƙarfe za mu tsaya, wanda girmansa bai wuce murfin kwalbar magani ba, amma yana iya ƙone mota ƙurmus. Shi ne dampa da ke kan bututun nozul. Zan yi misali da Toyota Camry ƙirar 1992 zuwa 1996, mai injin 5S-FE, lita 2.2, don har yanzu tana shigo mana gareji.

Famfon da ke cikin tanki yana turo fetur da ƙarfin kusan bar 3. Nozul huɗu kuma, masu fesa fetur cikin inji, suna buɗewa suna rufewa ba tsayawa, kowace rufewa sai man ya yi tsalle a cikin bututu, kamar yadda bututun ruwa ke bugawa idan aka rufe famfo da sauri. A cikin dampa akwai tantanin roba da sifirin a bayansa, su ke shanye wannan bugun. To robar da ta shekara talatin tana shan zafin inji da fetur, dole wata rana ta tsage.

Mai mota zai ce maka yana jin warin fetur, musamman in ya tsaya ko ya kunna fanka. Wani zai ƙara da cewa sai ya daɗe yana murza makulli kafin ta tashi, saboda man bututun ya tsiyaye tana ajiye. Buɗe bonet, ka bi tiyon da ya fito daga filtar mai har inda ya haɗu da bututun nozul, ta bayan inji. Abin nan mai hular roba da ya ɗaure tiyon, shi ne dampa. Kada ka rikita shi da regileta, mai daidaita ƙarfin mai. Regileta tana da siririn tiyon iska da bututun mayar da mai tanki, kuma in tantaninta ya fashe man cikin inji yake shiga, ka ga baƙin hayaƙi a salansa. Dampa kuwa waje take zubarwa, kuma a wannan injin ba ta da nisa da distiributa, mai raba wa fulogi wuta. Fetur ga tartsatsi.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Wurin yoyon biyu ne, kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba. Inji a sanyaye, goge wurin ya bushe ƙayau, ka cire hular robar. Za ka ga ɗan sukuru a tsakiya. Wannan motar ba ta kunna famfo don ka buɗe makulli kawai, sai inji na juyawa. Saboda haka je ka ƙaramin akwatin da aka rubuta DIAGNOSIS, ka haɗa ramukan cikinsa biyu masu alamar +B da FP da guntun waya, sannan ka buɗe makulli ba tare da ka tayar ba. Famfo zai yi aiki, sukurun ya ɗan ɗago, alamar mai ya cika bututu. Haska da tocila, ban da ashana ko laita. In man daga gindin sukurun yake tsattsafowa, ko ka tarar da cikin hular a jiƙe, tantani ya mutu, sai sabuwar dampa. In kuwa saman a bushe yake, naso daga ƙasa ne inda tiyo ya zauna, to washa biyun da ke sama da ƙasan bakin tiyon ne suka gaji, su kaɗai za ka saya.

Wani daga baya yana tambaya ko ba a iya ɗaure sukurun a shafa gam. Ƙanena, kada ka yi. Sukurun ba shi ke riƙe mai ba, tantani ne. Gam zai riƙe kwana kaɗan, fetur da zafi su ci shi, ya ɓalle a kan hanya da iyalin mutane a ciki. Masu cire ta su toshe da noti su ma ban goyi bayansu ba, don motar za ta tashi, amma bugun nan ya koma kan tiyo da robobin nozul. Ta Beljiyam kuma sa'ar wadda ka cire ce, robarta ma ta tsufa.

Wajen canji, fara da sauke ƙarfin man. Cire wayar gwajin, zare soket ɗin famfo, tayar da inji har ya mutu da kansa. Buɗe murfin tanki, cire kan batir na nagetib, ka ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi kusa, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake. Shimfiɗa tsumma a ƙasan wurin, ka sa siririyar sifana mai lamba 22 a jikin notin, ba a kan hular ba, ka kwance a hankali. Sauran mai zai fito.

Lura da washa biyun kafin ka zare su, ɗaya sama da bakin tiyo, ɗaya ƙasa. Ba iri ɗaya ba ne, ka ga wadda ke ina ka mayar da sababbi haka. Tsofaffin sun riga sun lotse, ko ka juya su ba za su sake kamawa ba. Fara ɗaurawa da hannu har ta zauna, saboda bututun alminiyom ne, in ka ci zarensa aikin ya koma sayen bututu gaba ɗaya. Sannan ka ƙarasa da sifana, tsakanin Nm 30 da 35, kana riƙe da tiyon kada ya murɗe.

Mayar da soket da batir, ka sake haɗa +B da FP, ka buɗe makulli na minti biyu, ka manna farar takarda a kewayen washa ka ga ko za ta jiƙe. Cire wayar, tayar da inji ya yi zafi, ka kashe ka sake dubawa. Tunda kana wurin, shafa tiyon da ya taso daga filta da robobin saman nozul huɗun, don shekarunsu ɗaya da dampar da ka jefar.