Ciwon ƙwaƙwalwa a Zariya: ina za ka kai naka, kuma me ya canza?

Assalamu alaikum jama'ar Zazzau, barkanmu da war haka. Wannan titin da kuke gani shi ne na Shika, in ka baro Kwangila ka wuce Samaru ka miƙe kamar za ka Funtuwa, nan ne asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake. Kowa ya san shi da tiyata da haihuwa da karaya, amma ka tambayi mutum goma a Ƙofar Doka ko akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a ciki, za ka sha mamakin yawan waɗanda ba su sani ba. To akwai shi. Kuma shi ya sa na haɗa wannan bidiyon, saboda har yau in yaro ya fara surutai shi kaɗai ko ya daina barci ya daina wanka, abin da ke fara zuwa bakin mutanen gida shi ne sammu ne, ko iska ce, ko a kai shi gidan mari, asibiti sai an gama zagaye an sayar da akuya an sayar da keken ɗinki tukuna ake tunawa da shi.

Ni abin ya taɓa gidanmu, ba labari aka ba ni ba. Ɗan yayan mahaifiyata ne, tela, mutum mai kunya, ya fara cewa ana magana da shi ta bango, aka kai shi wani wuri da ba zan faɗi sunansa ba, ya yi wata bakwai da mari a ƙafa, ranar da muka je ɗauko shi inna ta ga tabon ƙarfen a idon sawunsa ta zauna a ƙasa tana kuka. Wallahi ba don ƙiyayya aka kai shi ba, soyayya ce da rashin sanin inda za a dosa.

Bari mu fara da doka, don nan ne babban canjin yake ko da yake ba gini ba ne da za a nuna maka a hoto. Dokar da Najeriya ta daɗe tana aiki da ita tun ta Turawan mulki ce ta 1916, aka ɗan gyara ta a 1958, kuma sunanta ma kawai dokar mahaukata. Ba ruwanta da warkewa, tunaninta shi ne yadda za a tsare mutum a kawar da shi daga idon jama'a. Haka aka zauna shekara 65, sai a watan Janairun 2023 marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Wannan ta ce mai wannan ciwo mutum ne mai haƙƙi kamar mai hawan jini ko ciwon suga, ba a korarsa daga aiki ko a hana shi haya don ciwonsa, yana da ta cewa a kan maganin da za a ba shi, kuma ba a ɗaure shi ko a kulle shi haka kawai ba tare da ƙa'ida ba. Ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun kuɗi don wannan aiki. Cikin waɗanda suka daɗe suna fafutukar dokar har da namu na ABU, Farfesa Taiwo Sheikh, wanda ya taɓa shugabantar asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna.

Kun tuna Rigasa? Satumban 2019, 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Duniya ta gani. Iyaye ne fa suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi.

To yanzu ina za ka? Hanyar hawa-hawa ce. Ƙasa akwai ƙananan asibitocin unguwa, sama da su akwai babban asibiti irin na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, sai Shika, sai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80 daga nan. Na Barnawa aikinsa ke nan gaba ɗaya, akwai ɗakunan kwanciya, akwai sashen masu fama da shaye-shaye, akwai makarantar horar da nas-nas na wannan fanni. Amma ba kowane ciwo ne sai an je can ba, kuma wannan ita ce maganar da nake so ta zauna muku.

Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na tafiya Ingila da Saudiyya. In aka ce sai kowa ya ga babban likita to layin ba zai ƙare ba har abada. Shi ya sa tun 1991 gwamnati ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci, sannan a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani tsari na koyar da nas da malaman asibitin unguwa yadda za su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali da shaye-shaye, su fara magani, abin da ya fi ƙarfinsu su rubuta takarda su tura gaba. Ma'ana malamar asibitin da ke auna ki lokacin awon ciki ita ce za ki iya gaya wa cewa tun da kika haihu ba kya barci, kuka kawai yake zuwa miki ba dalili. Kuma wannan tunanin ba baƙo ba ne, ɗan Najeriya ma ya taɓa nuna wa duniya irinsa, Dokta Adeoye Lambo a Aro ta Abekuta a 1954, ya riƙa sauke marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da ɗan'uwansu guda, da rana su zo asibiti da dare su kwana cikin mutane. Mu da muke da zumunci da gidan gandu, wa ya fi mu dacewa da irin wannan?

Ranar da za ku je, ku tafi da wanda ya san farkon abin, uwa ko mata ko yaya, don likita zai tambayi yaushe ya fara, yana barci, yana cin abinci, akwai mai irinsa a dangi, ya taɓa buguwa a kai. Duk maganin da aka taɓa ba shi ku sa a leda ku tafi da shi, har da na gargajiya. Kuma don Allah baba, in yaro yana shan wani abu a faɗa, kodin ne ko tiramol ko wiwi ko sholisho, likita ba ɗan sanda ba ne. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnati a 2018 ya samu mutum miliyan 14.3 a ƙasar nan da ke ta'ammali da ƙwayoyi, a shekarar ne ma aka hana maganin tari mai kodin, ba gidanku kaɗai ba ne. Wani lokacin ma za a ɗibi jini, saboda zazzaɓi mai zafi ko suga ya faɗi ko ya hau na iya rikita mutum ya yi kama da mai taɓin hankali alhali ba shi ba ne.

Sai maganar magani, a nan ne muke yawan faɗuwa. Ƙwayar ciwon damuwa ba farasitamol ba ce, tana ɗaukar sati 2 zuwa 4 ko fiye kafin a fara jin sauƙi, sai mutum ya sha kwana biyar ya ce ba ta aiki ya watsar. Na taɓin hankali kuma wani sa'in yana sa jiki ya ƙage, hannu na rawa, miyau na zuba, sai mutanen gida su tsorata su ce asibiti ya ƙara lalata shi, alhali abu ne da likita ke gyarawa, ya rage yawan maganin ko ya canza ko ya ƙara wata ƙwaya, komawa kawai za a yi a faɗa. Mafi muni shi ne in ya warware, ya koma kasuwa ya koma sallar jam'i, sai a ce ai ya warke a daina, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo ya fi na da. Ba a tsayar da shi sai da izinin likita. Ga wanda ke ƙin haɗiyar ƙwaya ko yake mantuwa akwai allura da ake yi duk bayan wasu makonni, yawanci wata-wata, ku tambaya.

Ba na cewa a bar addu'a, haba. A yi ruƙiyya, a yi sauka, a yi sadaka, malam ya tofa, amma a sha magani tare. Abin da nake roƙon malamanmu shi ne kar a ce wa mutum ya zubar da ƙwayarsa, kuma kar a dake shi da sunan ana dukan aljani, jikin nasa ne ke kumbura.

Iyayena mata, ku sa ido a kan mai jego. Ana ta wankan jego ana dama kunun kanwa amma ba mai tambayarta ya zuciyarta. In ta daina kula jaririn, ko ta ƙi ba shi nono, ko tana cewa ba nata ba ne, ko tana ganin abin da ba kowa ke gani ba, wannan na gaggawa ne, ranar za a kai ta, kuma ana warkewa sarai. Haka duk wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kar a ce masa ya ji tsoron Allah kawai a tashi a bar shi, a zauna da shi, a ɗauke fiya-fiya da maganin ɓera da igiya daga ɗakin, a kai shi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.

Gaskiya da sauran aiki, kuma ina jin zafin abin. Doka tana takarda amma kuɗin magani daga aljihun talaka yake fita duk wata, ga kuɗin mota, ga layin kati tun asuba, mutumin Giwa ko Soba ya yi asarar yini guda cur. Ba kowane ƙaramin asibiti ne ke da wanda aka horar ba. Jihar Kaduna tana da inshorar lafiya ta KADCHMA, in kana ciki ka tambaya a teburin kati me da me take ɗauka kafin ka biya, kuma in kansila ko ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a a unguwarku, ku tambaye shi maganin ƙwaƙwalwa a asibitin unguwa, kamar yadda kuke tambayar taransifoma da kwalbati.

Shi ɗan'uwan nawa yanzu shekararsa ta huɗu ke nan a kan allurar wata, matarsa ce ke riƙe da katin a cikin jakarta, ranar asibiti ya rufe shago da safe, kafin azahar ya dawo kan keken ɗinkinsa. Kayan sallar yarana na bana ma shi ya ɗinka.