Yadda ake rubuta madogara da manazarta a tsarin APA kafin a tura takarda mujallar saikoloji

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan lokaci. Yau maganar madogara, wato ambaton aikin wani a cikin rubutu, da manazarta, wato jerin ayyukan da ake sawa a ƙarshen takarda, za mu yi, musamman ga masu shirin tura takarda mujallar ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji. Abin yana min ciwo wallahi, mutum ya yi wata shida yana raba takardun tambayoyi yana tattara bayanai, sai edita ya dawo masa da aikin tun ba a kai wa masu dubawa ba, wai manazartarsa a hargitse take.

Toh tsarin da yawancin waɗannan mujallu suke bi shi ne APA, na ƙungiyar masana saikoloji ta Amurka. Ya faro ne a 1929 da ɗan bayani mai shafi 7 kacal a mujallar Psychological Bulletin, yanzu kuma ya zama littafi guda, bugu na 7 ya fito a watan Oktoba 2019. Ku riƙe wannan, don har yau da yawanmu dokokin bugu na 6 muke bi ba mu sani ba, saboda a kundin digirin wani muka kwafo tsarin.

Ni yadda nake fahimtar abin, madogara kwatancen gida ce. Ka ce wani ya yi bincike ya gano kaza, to mai karatu yana da haƙƙin ya je ya gani da idonsa, in kwatancen ya karkace ai ka ɓatar da shi. Shi ya sa a cikin rubutu abu biyu ake sawa, sunan marubuci na ƙarshe da shekara. Ga misali da aikin wani masanin saikoloji mai suna Bandura: (Bandura, 1977). In kuma sunan yana cikin jimlarka, kamar ka ce Bandura ya nuna kaza, sai shekarar kaɗai ta shiga baka. Me ya sa shekara ta matso gaba haka? Saboda a wannan fannin sai an san yaushe aka yi bincike kafin a san nauyinsa, abin da aka gwada a 1961 wataƙila an sake gwadawa daga baya an samu wani abu daban.

In marubuta biyu ne ka kawo su duka kullum. In uku ne ko fiye, nan ne aka samu canji, tun ambaton farko sunan na farko kawai za ka sa sai et al., wato da sauransu. Misali shahararren gwajin nan da aka yi da yara da 'yar tsanar Bobo a 1961, mutum uku suka rubuta, Bandura da Ross da wata Ross ɗin, amma a cikin rubutu (Bandura et al., 1961) ya wadatar. Kuma don Allah aya bayan al ake sa ta, ba bayan et ba.

In ka ɗauko maganar mutum kalma da kalma dole ka ƙara lambar shafi, in ta kai kalma 40 sai a ware ta a sakin layi nata a tura ta ciki ba tare da alamar zance ba. Wani abin da nake yawan gani kuma, mutum bai karanta aikin asali ba, a takardar wani ya tsinci maganar, sai ya rubuta kamar shi ya karanta. Wannan rashin amana ne gaskiya. Ko dai ka nemo asalin ka karanta, ko ka sa sunan mai aikin asali ka rubuta as cited in, wato kamar yadda aka ambata a cikin, ka kawo wanda ka karanta ɗin, shi ne kuma zai shiga manazarta.

Yauwa, mu je ƙarshen takarda. Kowace manazarta tambaya huɗu take amsawa a jere, waye, yaushe, mene ne, a ina. Mu koma kan Bandura. Sunan ƙarshe, waƙafi, harafin farko na sunansa A, aya. Sai 1977 a cikin baka, aya. Sai taken maƙalar, a nan harafin farko ne kawai babba, da na bayan ruwa biyu, da sunayen mutane ko wurare, kar ka bi kowace kalma kana girmama ta. Sai sunan mujallar, Psychological Review, a rubutun tsutsa wato italik, lambar kundi 84 ita ma italik, amma lambar fitowa 2 tana cikin baka a miƙe kuma manne take da 84 ba tazara. Sai shafi 191 zuwa 215. Na ƙarshe DOI, lambar gano maƙala a intanet da take farawa da 10, a bugu na 7 kamar linki ake rubuta ta, a fara da https://doi.org/ kuma ba a sa aya a ƙarshenta. In littafi ne yanzu an daina sa garin da aka buga shi, sunan kamfanin ɗab'i kawai. Marubuta kuwa har 20 ana jera su duka.

Bari in tsaya kan sunayenmu, don nan ne muke shan wahala. Bahaushe yana da sunan yanka, ga na mahaifi, wani ya ƙara na garinsu, wani a wata takarda ya sa na mahaifi a ƙarshe a wata kuma ya sa na gari, sai ka ga mutum ɗaya ya rabu biyu a intanet. In kana kafa hujja da aikin wani ka bi yadda sunan ya fito a wannan takardar, kar ka gyara masa. In kai ne marubucin, ka zaɓi tsari ɗaya tun yanzu ka tsaya a kai, ka buɗe ORCID, lambar shaidar da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, kyauta ne. Sannan Farfesa, Dakta, Malam, Alhaji duk ba sa shiga manazarta. Na san yana yi wa ɗalibi nauyi ya rubuta sunan malaminsa tsirara haka, amma ba raini ba ne, haka ake yi wa kowa.

Jerin kuma bisa abacada ake yin sa ba lamba, layin farko a bakin gefe sauran a tura su ciki rabin inci. Mutum ɗaya aiki biyu a shekara ɗaya, sai a sa a da b a jikin shekarar.

Manhajojin tsara manazarta irin Zotero da Mendeley suna sauƙaƙa aiki sosai, ina amfani da su, haka maɓallin nan mai fitar da manazarta na shafin neman maƙalu na Google Scholar, sai dai abin da aka zuba musu shi suke fitarwa, sau da yawa za ka tarar babu lambar fitowa ko babu DOI ko haruffa sun hautsine, dole ka bi da ido. Kafin ka tura, buɗe shafin umarnin marubuta na ita mujallar don wasu suna da 'yan ƙa'idojinsu a kan na APA. Sannan ka ɗauki biro, duk sunan da ke cikin rubutu ka nemo shi a manazarta ka yi masa alama, duk wanda ke manazarta ka tabbata ka ambace shi a ciki, ka duba shekarun sun yi daidai, sai ka danna kowace DOI ɗaya bayan ɗaya ka ga ta buɗe takardar da kake nufi.